Ta'addanci da Cinikin Ƙasashe: Yadda Lissafin Yake Isowa Yauri

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Yauri ta ƙasar Matamaye, a jihar Damagaram ta Nijar. Ga wanda bai san wurin ba, wannan Yaurin daban take da Yawurin Kebbi ta bakin Kwara. Wannan ta gero da wake da gyaɗa ce, maƙwabciyar Kance da Ɗan Barto, kusa da iyakar Najeriya.

Sharhin yau a kan ta'addanci yake, da rawar da yake takawa a hulɗar ƙasashen duniya. Wani zai ce ina ruwan Yauri da wannan zance? Ai zancen Yamai ne da Faris da Mosko. A yi haƙuri a biyo mu. Maganar da za a kafa guda ɗaya ce, kuma za a maimaita ta. Ta'addanci ya zama hajar ciniki tsakanin gwamnatoci. Da sunansa ake ƙulla abota, da sunansa ake tsinka ta. Idan aka gama cinikin a manyan birane, lissafin yakan biyo hanya har ƙauye.

Mu fara daga inda cinikin ya buɗe. Ranar 11 ga Satumba 2001 aka kai hari biranen New York da Washington na Amurka. Kafin watan ya ƙare, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373. Ƙudurin ya wajabta wa kowace ƙasa ta toshe kuɗin ƴan ta'adda, ta hana su mafaka. Daga ranar, duk shugaban da yake neman jirgin yaƙi ko tallafi ko hoto a fadar wata babbar ƙasa, ya san abin da zai ce. Ya ce yana yaƙi da ta'addanci, ƙofa ta buɗe.

Sai dai akwai wani giɓi da ba a cika faɗa ba. Har yau ƙasashen duniya ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya na gane ɗan ta'adda ba. Kowace ƙasa da kundinta. Nelson Mandela ya yi shugabancin Afirka ta Kudu ya sauka, amma sunansa bai fita daga jerin waɗanda Amurka take sa wa ido ba sai 2008. Amurka ta yi kusan shekara ashirin tana yaƙar Taliban, a 2020 kuma ta zauna da su a Doha ta sa hannu a yarjejeniya. Ahmed al-Sharaa na Siriya, an taɓa sa ladar dala miliyan 10 a kansa. A watan Mayu 2025 ga shi a Riyad suna musabaha da shugaban Amurka. Wannan bai wanke mai kisan bayin Allah ba. Wanda ya buɗe wa masallata wuta, kowa ya san sunansa. Abin da yake nunawa shi ne, shiga kundin da fita daga cikinsa sukan bi buƙatar mai riƙe da alƙalami.

To, masu sauraro, mu dawo gida. Yaya wutar ta iso Sahel?

Ta Libiya ta biyo. A 2011 jiragen ƙungiyar NATO suka yi ruwan bama-bamai, a watan Oktoba aka kashe Gaddafi, rumbunan makamai suka zama na mai rabo ka ɗauka. Shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sha faɗin cewa ya gargaɗi manyan ƙasashe tun kafin abin ya faru, ba su saurara ba. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan tawaye da masu iƙirarin jihadi. A Janairun 2013 Faransa ta sauke sojojinta a Mali. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 23 ga Mayu, motoci maƙare da bam suka tarwatse a barikin soja na Agadas da kamfanin yuraniyom na Arlit. Nijar ta shiga sahu ke nan, tana so ko ba ta so.

Mutanen Damagaram suna da tasu shaidar, kuma mai ɗaci ce. Ranar 7 ga Janairu 2015 ƴan bindiga suka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a Faris. Kwana huɗu bayan nan shugabannin ƙasashe suka yi jerin gwano a birnin, har da Issoufou. Jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, birnin Zinder, wato Damagaram, ya kama da wuta. An ƙona cibiyar al'adun Faransa. An ƙona majami'u da shagunan Kirista, mutanen da aka tashi tare da su a unguwa ɗaya, waɗanda ba su zana komai ba. Washegari Yamai ta ɗauka. Mutum goma suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Harbi a Faris, jana'iza a Damagaram, kuma tsakaninsu bai cika kwana goma ba.

Ba a gama jimamin wannan ba, ranar 6 ga Fabrairu Boko Haram ta far wa Bosso da Difa. A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, don a nan talaka ya fara ganin lissafin da idonsa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. Aka hana hawa babur. Aka rufe wasu kasuwanni. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, bisa hujjar cewa mayaƙan suna karɓar haraji a kansu. Duk wanda ya san bakin Komadugu ya san tattasai shi ne arzikin wurin. Ja ne a shanye a kan fili har iya ganinka, sai a ɗura a buhu a yi Najeriya da shi. Manomi ya zuba kuɗin mai da na taki, tattasai ya nuna, doka ta ce kada ya motsa. Ɗan kabu-kabu ya jingine babur a zaure. Mai bandar kifi ya kashe wuta. A watan Mayu na shekarar aka umurci mazauna tsibiran tafkin Chadi su tashi, dubban mutane suka fito a ƙasa cikin zafin bazara. Sai bayan shekaru aka sassauta waɗannan dokoki. Hujjar gwamnati tana da ƙamshin gaskiya, amma saurayin da aka raba da sana'arsa, shi ne wanda mai ɗaukar mayaƙa yake nema.

Yanzu mu juya ga ɓangaren masu saye. Su wa suka zo, kuma me suka zo nema?

Cikin ƴan shekaru Nijar ta zama amaryar ƙasashen Yamma a Sahel. Faransa ta girke jirage a Yamai, ta kafa sansani a Madama kusa da iyakar Libiya. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, wanda ya ci sama da dala miliyan 100. Jamus da Italiya su ma suka turo nasu. Abin mamaki, da yawa daga ƴan majalisar Amurka ba su san yawan sojojinsu a Nijar ba, sai da aka kashe huɗu daga ciki tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo, a watan Oktoba 2017.

Kowa da abin da ya kawo shi. Tsaro yana ciki, babu musu. Amma Turai tana da wata damuwar, wato baƙin haure masu ratsa Sahara zuwa teku. A nan ne zancen ya taɓa ƙasar Kance kai tsaye. Masu sauraro a Yauri ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma galibinsu daga wannan yanki suka fito. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ba Turai suka nufa ba. Tamanrasat suka nufa, neman abin da za a rufa asiri kafin damina. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, Tarayyar Turai ta zubo kuɗi da horo ga ƴan sanda da jandarmomi. Tawagarta ta EUCAP, wadda aka kafa a 2012 don yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka, aka ƙara mata aikin ƙaura, ta buɗe reshe a Agadas. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba. Ta dai koma ɓoyayyun hanyoyi masu nisa da rijiya. Ga yadda zancen tsaro da zancen ƙaura suka shiga buhu ɗaya, mace daga ƙauyen Matamaye ta tsinci kanta a ciki.

Da a ce wannan abota ta kashe wutar, da babu mai ƙorafi. Ba ta kashe ba. A Disamban 2019 aka kashe soja 71 a Inates. Wata guda bayan nan aka kashe 89 a Shinagodar. Ana cikin zaman makoki shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tara shugabannin Sahel a garin Pau, yana son su fito fili su faɗa ko suna buƙatar sojojinsa. Salon kiran ya yi wa mutane da yawa zafi. A daidai wannan lokaci kuma wani bincike a ma'aikatar tsaron Nijar ya bankaɗo aringizo a sayen makamai, rahoton farko ya ambaci sefa miliyar 76. Wannan ɓarnar ta cikin gida ce, ba baƙo ya yi ta ba. Cinikin ta'addanci yana da dillalai a kowane ɓangare.

Masu sauraro, ga babbar kwana a labarin. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Dalilin farko da suka bayar shi ne taɓarɓarewar tsaro. A lura da kyau. Da sunan yaƙi da ta'addanci aka kawo sojojin waje. Da sunan yaƙi da ta'addanci aka kifar da gwamnatin da ta riƙe su. Haka aka yi a Bamako, haka aka yi a Wagadugu. Hujja ɗaya ta yi aikin shigo da baƙo, ta kuma yi aikin raka shi.

Kwana huɗu bayan juyin mulkin, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO ta zauna a Abuja. Ta ba da wa'adin mako guda, ta yi barazanar amfani da ƙarfi, ta rufe iyakoki. Najeriya ta katse wutar lantarki, alhali daga can mafi yawan wutar Nijar take zuwa. Sai a tambayi mutumin Yauri abin da ya biyo baya. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi Daura ta ratsa Kwangwalam da Ɗan Barto zuwa Matamaye, ita ce jijiyar wannan yanki. Manyan motoci suka yi layi, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu. Mai rake da mai kai ɗan akuya kasuwar Mai'aduwa suka koma bin gonaki a kan babur, kuɗin hanya ya ninka. Shinkafa ta hau, magani ya yi wuya. Uwa tana wannan gefe, ɗiyarta tana aure a wancan, zuwa suna ya zama kamar fasa-ƙwauri. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi shawara da shi kafin juyin mulki, babu wanda aka tambaya kafin takunkumi.

Wa ya hana abin ya kai ga harbi? Nan ma akwai abin lura. Sanatocin arewacin Najeriya suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami Abubakar suka je Yamai. Muhammadu Sanusi na Biyu ya samu ganin jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, kuma Sarkin Damagaram ne ya raka shi. Ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka bi baya. A lokacin da jakadu masu kwat suka rasa ƙofar shiga, rawani da zumunci ne suka samu kujera. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris.

Daga nan sai sauyin abokai ya zo da gudu. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES a Satumban 2023. Sojan Faransa na ƙarshe ya tashi a watan Disamba. Aka soke dokar baƙin haure, aka sallami EUCAP. A Maris 2024 aka soke yarjejeniyar soja da Amurka, a Afrilu masu horarwa na Rasha suka sauka a Yamai, kafin ƙarshen Satumba Amurkawa sun kwashe sun bar sansanin Agadas. Turkiyya tana sayar da jirage marasa matuƙi. Sin tana riƙe da man Agadem da matatar Soraz da ke nan jihar Damagaram. Har yaƙin Turai ya leƙo. Bayan an yi wa sojojin Mali da mayaƙan Wagner na Rasha mummunar ɓarna a Tinzawatan a Yulin 2024, Mali ta zargi Yukren da taimakon maharan, ta yanke hulɗa da ita. Nijar ta bi sahu cikin kwanaki.

Mutane da yawa sun yi murna da ficewar Faransa, kuma suna da dalilansu. Tarihin mulkin mallaka yana nan, raini yana nan, kusan shekara goma na rundunoninta na Serval da Barkhane ba su kawo kwanciyar hankali ba. Ƙasa tana da ikon zaɓen abokanta. Amma gaskiya ɗaya ce, sauya aboki bai sauya halin maharan ba. Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin azumi, aka kashe masallata 44 a Fambita ta jihar Tillaberi. Rahoton shekara-shekara na ma'aunin ta'addanci a duniya ya nuna cewa a 2024 fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a faɗin duniya, a Sahel suka mutu. Rasha ma ba sadaka ta zo yi ba. Tana neman ma'adinai, tana neman masu ɗaga mata hannu a Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman wurin da za ta taka ƙafar Turawan Yamma. Ciniki ne, kamar na waɗanda suka gabace ta.

Kuma har yanzu lissafin yana isowa ƙauye. A ƙarshen 2023 aka kafa asusun ceton ƙasa, aka fara cire dala biyu ta sefa a kan tikitin mota da kuɗin waya. Dala biyu ba ta da yawa, amma tana nuna wanda yake biya. Kowace jaka da ta tafi sayen harsashi, ba ta je ga rijiya ko ɗakin shan magani ko allon lakwal ba. Sojan da yake tsaye a Tillaberi ko Difa kuwa, ɗan wani gida ne, wataƙila ma daga ƙasar Matamaye ya fito. A cikin gida ma tambarin ta'addanci ya samu sabon aiki. A 2024 aka buɗe kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, aka kuma dakatar da zama ɗan ƙasa na wasu manyan jami'an tsohuwar gwamnati. Gwamnati ta ce kariya ce. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce ƙofa ce ta rufe bakin ƴan adawa.

Saura magana ta ƙarshe, kuma ita ta fi kusa da Yauri. Maganar maƙwabci ce.

A ƙarshen Disamban 2024 Janar Tiani ya yi hira da harshen Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa wajen ɗaure wa ƴan bindiga gindi, har ya ambaci ƙungiyar Lakurawa. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya mayar da martani da Hausa, ya ce sam ba haka ba ne. Wannan rikicin diflomasiyya ne da mai shayi a Matamaye ya saurara ba tare da tafinta ba. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. A watan Maris ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. A watan Afrilu, Mali da Aljeriya suka yi cacar baki a kan wani jirgi marar matuƙi da aka harbo, ƙasashen AES suka kira jakadunsu gida, kowane ɓangare yana jifan ɗayan da zancen ta'addanci. Aljeriyar nan kuwa ita ce inda ƴan cin ranin Kance suke zuwa, kuma daga can ake lodo su a mota a dawo da su ta Assamaka.

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kilomita 1,500. Ɗan bindigar da ya yi ɓarna a Sakkwato ko Zamfara yakan tsallaka Maraɗi ko Tawa. Wanda aka koro daga Barno yakan ɓullo a Difa. Idan sojojin ɓangarorin biyu ba sa ɗaga wa juna waya, shi ne ya ci riba. Jirgin Faransa ya zo ya tafi. Na Amurka ya zo ya tafi. Daura kuwa tana nan inda take, Kano tana nan, kuma jirgin da ke shawagi a sama ba ya sanin baƙon da ya kwana a gari. Mai gari ne yake sani, da ɗan kamasho a tasha, da mahauci a kasuwa. Shi ya sa ziyarar ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar zuwa Yamai a Afrilun 2025, inda ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré suka yi zancen tsaron iyaka da kasuwanci da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ta fi amfani ga mutumin Yauri a kan sanarwa goma daga Faris ko Mosko.

Jama'ar Yauri da Kance da Matamaye da Ɗan Barto, da ƴan uwa na tsallake a Daura da Mai'aduwa da Zango, za ku ci gaba da jin sunayen sababbin abokai a wannan akwatin rediyo. Za ku ji an sa hannu, za ku ji an soke. Duk lokacin da kuka ji, ku kasa kunne ku ji abin da aka ce game da iyaka, da wutar lantarki, da sintirin haɗin gwiwa, da hanyar Aljeriya, don ta waɗannan ƙofofi abin yake shigowa gidajenku. Saƙon murya da yake yawo a WhatsApp yana cewa an ga sojan wata ƙasa a daji kaza, a tambayi wanda ya gani da idonsa kafin a tura gaba. Ga iyalan sojoji da fararen hula da suka rasu a Difa da Tillaberi da Tawa, Allah ya jiƙan mamatanku, ya ba ku haƙuri. Masu shirin tafiya cin rani, Allah ya kai lafiya ya dawo da ku lafiya.